Jan Ɗigo a Gefen Allo

Manoma ne suka tsinci gawar da safe a cikin kanal ɗin ban-ruwa na Jiratawa, ta maƙale a bakin ƙofar da ke raba ruwa zuwa gonaki. Kafin Sufeto Sha'ibu ya iso daga komisariyar 'yan sandan Maraɗi, an riga an fito da ita an lulluɓe da zane, jandarmomi biyu suna korar 'yan kallo.

Sha'ibu dogo ne siriri, mai ƙarancin fara'a. Ya daɗe a aikin har mugunta ta daina ba shi mamaki. Wauta ce kawai ke ba shi haushi, kuma a ganinsa mafi yawan masu laifi ba su cancanci wahalar da ake sha wajen kama su ba.

"Hatsarin moto ne," in ji babban jandarman. "An yi ruwa jiya da yamma, hanya ta yi santsi, ya zame ya faɗa. Ga moton can."

Sha'ibu ya dubi moton, wato babur ɗin mamacin. Yana kwance a kan ciyawa kamar wanda aka kwantar a hankali don kada ya ji ciwo. Ko madubi bai fashe ba.

"Ina makullin?"

Jandarman ya leƙa, babu makulli a jiki. Birgadiye Maman Lawali, wani dattijon ɗan sanda mai jiki wanda ke bin Sha'ibu kowane anketi, wato bincike, ya durƙusa ya laluba aljihun mamacin. Ya zaro makullin, da katin aiki a jiƙe. Da ya yaye zanen, sai ga ƙeyar mamacin a fashe.

"Madalla," in ji Sha'ibu. "Ya zame, yana cikin faɗuwa ya kashe moto, ya zare makulli ya sa aljihu, sannan ya juya ya fasa ƙeyarsa. Rubuta haka in kana son alƙali ya yi dariya."

Jandarman ya kau da kai.

Katin ya nuna sunan mamacin Hafizu Talle, injiniyan na'urorin jirgin sama a kamfanin Shirwa-Sama. Kowa a Maraɗi ya san kamfanin a wannan damina. Tun da Gulbi ya cika ya yanke hanyoyin ƙauyuka, ƙananan jiragensu masu saukar ungulu ne ke kai magani da ɗauko marasa lafiya, bibbiyu a jere.

Sha'ibu ya bi gefen kanal yana duban ƙasa. Akwai sawun mota a cikin laka, inda ta juya ta koma hanyar gari. A bakin kwanar akwai wani ginshiƙin siminti, an goge shi da farin fenti, sabo fil.

Ya tsaya ya auna wurin da ido. Ginshiƙin na hannun daman mai fita. Hanyar kuwa da faɗi, ko babbar mota za ta wuce ba tare da ta taɓa shi ba.

"Birgadiye, kankaro mini fentin nan. Wanda ya goge wannan ginshiƙi ko dai a firgice yake, ko kuma sayen permin tuƙi ya yi."

Gidan Hafizu na Sabon Gari, a wani lungu bayan masu walda. Maza na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Aka shigar da Sufeto zaure, matar mamacin, Rabi, ta fito cikin hijabi ta zauna a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Allah ya jiƙan sa, ya ba ku haƙuri, Madam."

"Amin, ranka ya daɗe."

"Me ya kai shi Jiratawa?"

"Lambun mahaifinsa na can. Kusan kullum in ya tashi aiki sai ya leƙa. Duk abokan aikinsa sun sani, har tumatir yake kai musu."

"Yana da rigima da wani?"

Ta girgiza kai. "Da allo kawai yake rigima."

"Wane allo?"

"Na cikin jirgi, wanda matuƙi ke kallo. Tun farkon damina ba shi da wata magana sai ta wani ɗigo. Yau ya ce ya ƙara masa girma, gobe ya ce ya sake masa launi. Ko abinci yake ci sai ka ga yana zana shi da yatsa a kan tire. Ya ce in hadari ya rufe, matuƙi ba ya ganin komai a waje, wannan ɗigon ne kaɗai ke gaya masa inda ɗan'uwansa yake."

"Sai me ya faru?"

"Sai jirginsu ɗaya ya faɗi a Tsibiri. Bayan nan ya dawo wata rana ko takalmi bai cire ba, ya zauna nan inda kake. Ya ce, Rabi, allon nan lafiyarsa ƙalau, ni ne na ɓata lokaci ina gyaran abin da bai lalace ba. Na ce to mene ne ya lalace? Ya ce zai faɗa wa masu binciken da za su zo daga Yamai, amma sai ya fara ba wani dama ya faɗa da bakinsa."

"Wa?"

"Bai faɗa ba. Hafizu ba ya tona asirin mutum."

"Salularsa fa?"

"Da ita ya fita."

Ba a sami salula a jikin gawar ba. Sha'ibu ya miƙe. A ransa ya ce, ga abin da kirki ke jawo wa mutum: ka riƙe sirrin wawa, wawan ya biya ka da ƙarfe a ƙeya.

Rumfar jiragen Shirwa-Sama na can gefen filin jirgin Maraɗi. Direktan kamfanin, Mushe Abubakar Sadiq, ya tarbe su a biro, ofishinsa mai sanyi, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Mutum ne da ba ya iya kammala jimla ba tare da ya cusa mata Faransanci ba.

"Babban rashi ne, Sufeto, babban rashi. Amma ba shi da alaƙa da aikinmu. Mu nan iyali ɗaya ne."

"Iyalin da jirginsu ya faɗi kwanan nan?"

"Ƙaramin abu ne. Kuskuren matuƙiya. Ta amsa da bakinta."

"Me Hafizu ya shirya faɗa wa masu bincike?"

Direktan ya gyara takardun da ba su karkace ba. "Ban sani ba. Ka tambayi Kapitan, shi ne shugaban matuƙa."

Kapitan Wada na zaune a inuwar rumfa a kan kujerar roba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tsohon soja ne, mai furfura a gashin baki, sanye da baƙin tabarau da rigar tuƙi mai tambari iri-iri. Ma'aikatan da ke wucewa sai sun sara masa. Bai tashi ba, bai kuma miƙa hannu ba.

"Kai ne ɗan sandan? Yi sauri, ina da tashi."

Sha'ibu ya jawo kujera ya zauna ta hannun hagunsa. "Yaya kuke da Hafizu?"

"Yaro ne mai son wasa da ekaran, allon nan na jirgi. Ya yi lakkwal, karatun boko, a waje, ya dawo yana ganin zai koya mini tuƙi. Ni da na tashi jirgi tun uwarsa na goye da shi."

"Me yake so a sa a allon?"

Kapitan ya yi tsaki. "Tarkace. Tazara tsakanin jirgi da jirgi, wa ya fi wani bisa, wa ke matsowa, da wane sauri. Har ƙararrawa ya so ya haɗa, wai ta yi ƙara in an kusa. Na ce ba a jirgina ba. Ba ƙarfen da zai yi mini tsawa a kunne."

"Amma a cikin gajimare da me kake gani?"

"Da ƙwarewa, ɗan sanda. Abin da ba a koyarwa a komisariya."

"Ranar Tsibiri ƙwarewar ta tafi hutu ke nan?"

Gashin bakin Kapitan ya motsa. "Ni ke gaba, yarinyar nan Hidaya na bina ta dama. Aikinta ta riƙe tazara. Ta tsorata, ta matso kaina, ta ruɗe, ta faɗa gonar mutane. Na sha faɗa, mace da jirgi sai a hoto."

Ana cikin haka wani ma'aikaci ya kawo shayi. Ya zo ta hannun daman Kapitan, ya rusuna, ya miƙa masa kofi. Kapitan ya ci gaba da bayanin lambobin yabonsa. Mutumin ya tsaya da hannu a miƙe har kofin ya fara rawa. Sai da ya ce, "Kapitan, shayi," sannan tsohon ya juya kansa gaba ɗaya, kamar mujiya, ya karɓa yana zaginsa wai ya zo kamar ɓarawo.

Sha'ibu ya ga wannan, bai nuna ya gani ba.

"Jiya da yamma ina kake?"

"Gidana."

"Ka san Jiratawa?"

"Daga sama. Me zai kai ni cikin laka?"

"Motarka fa? Ban ga ta manya a waje ba."

"Tana gareji, ana canza mata mai. Ko shi ma laifi ne?"

"Wane launi ce?"

"Fara. Kamar rabin motocin Maraɗi."

Da suka fito Maman Lawali ya ce, "Sufeto, wannan mutum girman kansa ya fi jirginsa nauyi."

"Bar shi ya ɗauka. Ka zaga garejojin gari ka nemo mini motar. Kada ka tsaya wurin masu canza mai, ka tafi wurin masu fenti."

Shi kuwa ya kama hanyar Tsibiri.

Gonar da jirgin ya faɗa ta wani tsoho ce mai suna Jatau, daga cikin mutanen da har yanzu ke riƙe da al'adun kakanni. Gero ya fara fitar da kai, amma a tsakiyar gonar akwai wani fili da ya kwanta kamar garken shanu ya yi birgima. Jatau na tsugune a ƙarƙashin gawo, layu a damtsensa, yana gyaran ƙotar hauya.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. Kai ma ka zo kallon ɓarna? Masu jirgin sun zo da farar mota sun ɗauke ƙarfensu, ko sannu ba su ce da hatsina ba."

"Ka ga faɗuwar?"

"Ina nan tsaye awa yadda nike ganinka. Hadari ya sauko ƙasa-ƙasa, ina jin kukansu ciki ban ganin su. Sai suka faɗo daga cikin girgije, su biyu."

"Wanne ya matsa kan wani?"

"Na gaba. Mai jan bindi. Shi ya karkato dama, kai tsaye bisa na baya, awa zakara ya hango kaza. Na bayan ya duƙa ƙasa don ya kauce, ƙafarshi ta kama wancan icen, ya wuntsila."

"Ka tabbata na gaban ne ya karkata?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, tsufa ni kai, ban makance ba. Ni na jawo ɗiyar daga ciki, ƙafarta ta karye, tana ta faɗin, bai gan ni ba, bai gan ni ba."

"An tambaye ka wannan a baya?"

"Wa za ya tambayi arne mai hauya?"

Sha'ibu ya yi masa godiya. A rumfar jirage ya riga ya ga mai jan bindin. Sunan Kapitan Wada ne rubuce a ƙofarsa da harufa masu ruwan zinariya.

Hidaya na kwance a asibiti, ƙafarta cikin filasta an ɗaga ta sama. Ba ta wuce shekara talatin ba. Da ta ji sunan Hafizu sai ta juya fuska ga bango.

"Madam, ni ban san jirgi ba. Yi mini bayanin allon nan yadda ɗan sanda zai gane."

Ta share ido, ta yi magana a hankali. "In muka shiga gajimare, gilashin gaba ya zama kamar an shafa masa nono. Ba sama, ba ƙasa. Jikinka ma ƙarya yake maka, sai ka ji kamar kana miƙe alhali ka karkace. Allo kawai za ka yarda da shi. Jirginka na tsakiya, na abokin tafiyarka ɗigo ne a gefe, da lamba a ƙarƙashinsa mai nuna tazara. In tazarar ta yi daidai, kore ne. In an matso, ya koma ja."

"Na gaba ma yana kallon ɗigon?"

"Dole. Kafin ya juya sai ya duba gefen, ya kuma faɗa a rediyo."

"Ranar nan ya faɗa?"

Ta kawar da ido. "Ni ce na matso. Na riga na faɗa wa direkta."

"Kin faɗa masa abin da yake son ji. Mai gonar ya ga jan bindi ya karkato kanki. Ya kuma ji abin da kike faɗa lokacin da yake jawo ki."

"Ban cikin hayyacina."

"Lokacin ne kawai kika faɗi gaskiya."

Hidaya ta damƙe zanen gado. "Sufeto, Kapitan ne ya koya mini tuƙi. Lokacin da kowa ke dariya, shi ya sa hannu aka ɗauke ni. Ya zo nan ya zauna, ya ce in na amsa laifin, hutu kawai za a ba ni, amma shi in aka taɓa shi ya ƙare."

"Kin san abin da ya ce da ni ɗazu? Ya ce mace da jirgi sai a hoto."

Ta dube shi kamar ya mare ta.

"Wannan kike karewa. Hafizu ma ya so ya rufa masa asiri, yanzu yana ɗakin ajiye gawa. Wa ya yi ta ƙorafi a kan allon?"

Hawaye suka zubo mata. "Shi kaɗai. Kullum ya ce ɗigon ya yi ƙanƙanta, ɗigon ya ɓace, na'urar banza ce. Hafizu ya yi ta gyara. Mu sauran muna ganinsa sarai. Bayan hatsarin sai Hafizu ya shirya gwaji a ƙasa: ka zauna a jirgi, injin a kashe, ya kunna allo, ɗigon ya riƙa matsowa, ka ce 'ja' da zarar ya canza. Ya gwada kowa, har ni ya kawo mini a kwamfuta nan gadon."

"Kapitan fa?"

"Hafizu ya ce da ɗigon ya zo ta hagu, ya gani. Da ya zo ta dama, har ya shige cikin jirginsa bai ce uffan ba."

Salular Sha'ibu ta yi ƙara yana fitowa. Maman Lawali ne.

"Na same ta, Sufeto. Wurin wani mai fenti a Sabon Gari, an rufe ta da tampol. Ka zo ka ga abin kunya."

Motar babba ce, fara, mai tsada. Ɓangaren hagu sumul kamar yau aka fito da ita daga kanti. Ɓangaren dama kuwa tun daga fitila har baya duk ƙuje ne da lotsawa, tsoho kan tsoho, an shafe wasu da fenti. A ƙofar baya akwai sabon ƙuje mai tsawo, da garin siminti a cikinsa. Laka ja ta bushe a tayoyin.

"Abokin cinikina ne na kullum," in ji mai fentin. "Ko yaushe dama. Yakan ce 'yan kabu-kabu masu moto ne ba su da hankali. Wannan karon da sassafe ya kawo ta, ya ce in gama yau."

Maman Lawali ya buɗe but, wurin kaya na bayan motar. Akwai jak, akwai tayar safaya. Ƙarfen kwance taya ne kawai aka wanke tas, yana ƙyalli a cikin tarkacen da ƙura ta rufe.

Sha'ibu ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ka gani? Ya wanke ƙarfe ɗaya a cikin mota mai datti. Irin mutanen da ake ba amanar rayuka ke nan a sama."

Da la'asar suka koma filin jirgi. Hadari na haɗuwa ta gabas. Kapitan Wada na tsaye kusa da mai jan bindi yana sa safar hannu, ana loda kwalayen magani.

"Ba inda za ka," in ji Sha'ibu.

"Wa ya ce?"

"Ni. Mushe Direkta, sa a kunna gwajin da Hafizu ya shirya."

Direktan ya fara inda-inda da Faransanci. Sha'ibu ya dube shi kawai, sai direktan ya kira wani ma'aikaci ya haɗa wayoyi.

"Wasan yara," in ji Kapitan. "Ni za ka gwada?"

"Ka ce ƙwarewa ba a koyar da ita a komisariya. To koya mini. In ka ci, in ba ka haƙuri a gaban yaranka."

Ma'aikatan rumfar duk sun bar abin da suke yi. Kapitan ya dube su, ya ga ba hanyar ja da baya. Ya hau kujerar matuƙi ta dama, ya bar ƙofa a buɗe. Sha'ibu ya zauna a ta hagu.

"Cire tabarau."

Ya cire. Idanunsa jajaye ne, na daman ya yi wani hazo-hazo.

Allon ya kama. Ga ɗan hoton jirgi a tsakiya. Koren ɗigo ya ɓullo ta hagu yana matsowa. Da ya canza launi Kapitan ya ce, "Ja," da ƙarfi, ya yi dariya. "Ka gani? Sai me?"

"Ci gaba. Idonka a tsakiya, yadda kake yi a cikin gajimare."

Wani ɗigon ya ɓullo ta dama. Sha'ibu, wanda bai taɓa shiga jirgi ba sai yau, yana ganinsa ƙuru-ƙuru. Lambar da ke ƙarƙashinsa na raguwa. Ya koma ja. Ya fara ƙyaftawa.

"In ka gama ɓata mini lokaci ka faɗa," in ji Kapitan. "Na tashi da janar-janar a wannan hannun. Na sauka a inda ko akuya ba ta iya tsayawa. Ba wani ɗan sanda mai takalmin roba da zai..."

Yana magana Maman Lawali ya tako ya tsaya a bakin ƙofar dama. Ya zaro ankwa, ya ɗaga ta daidai kuncin Kapitan, tana lilo, tazararta da fuskarsa ba ta kai tafin hannu ba.

Kapitan ya ci gaba da lissafin janar-janar.

Wani daga cikin ma'aikatan ya ce, "Innalillahi." Wani ya dafe kai.

"Kapitan," in ji Sha'ibu, "juya dama."

Ya juya. Ya yi ido biyu da ankwa. Ya koma ga allon, inda jan ɗigon ya riga ya hau kan jirginsa. Sha'ibu ya nuna ɗigon da yatsa.

"Haka ka hau kan Hidaya a Tsibiri. Haka ka goge ginshiƙi a Jiratawa, garin da ka ce ba ka sani ba sai daga sama. Motarka na hannunmu, da simintin a jikinta, da ƙarfen da ka wanke. Likita zai sami abin da ruwa bai fitar ba. Yaushe idon ya fara?"

Wada ya jingina da kujera. Da ya yi magana, muryar ba ta Kapitan ba ce, ta wani tsoho ce kawai.

"Ya jima. Hawan jinin ido ne, in ji wani likita a ƙetaren iyaka. Ya ce gefen da ya tafi ba ya dawowa. In hukuma ta ji, sun karɓe permina."

"Sai ka zaɓi ka riƙa ɗaukar marasa lafiya da rabin ido."

"Ba ka san sama ba. In aka sauke ni, ni wane ne? Tsoho a bakin masallaci?"

"Hafizu fa?"

"Na bi shi lambu don mu yi magana. Na ce ya rubuta cewa allon ne ya gaza. Na'ura ce, wa zai ji ciwo? Ya ƙi. Da zagina ya yi, da na jure." Ya dubi hannuwansa. "Sai ya dafa kafaɗata. Ya ce, Baba Kapitan, ka yi aikinka, lokacin hutu ya yi, ka je ka faɗa da kanka kafin su zo, ni zan raka ka. Tausayina yake ji. Ni! Yaron da ko sitiyarin jirgi bai taɓa riƙewa ba. Ya juya zai tafi wurin motonsa, ni kuma but ɗina na buɗe..."

"Salular?"

"Tana cikin ruwa."

Sha'ibu ya sauko daga jirgin. Ya ji ƙyamar kujerar da ya zauna a kai.

"Mutum ɗaya ne a duk wurin nan ya ɗauke ka da daraja har ya so ya raka ka. Shi ka zaɓa ka bi ta baya. Birgadiye, sa masa."

"A gaban yarana?" in ji Wada. "Ka bari mu fita waje. Ni Kapitan ne."

"Wada sunanka. Shi za a rubuta."

Ankwa ta yi ƙara. Direktan ya matso yana murza hannu, wai shi bai san komai ba, wallahi da ya sani.

"Kai ka biya kuɗin fentin motar nan ko sau ɗaya?" Sha'ibu ya tambaye shi. Direktan ya sunkuyar da kai. "Gobe da safe ka zo komisariya. Ka bar turaren a gida, biro ɗina ƙarami ne. Ka kuma shirya gaya wa mutanen Yamai yadda aka yi matuƙiya ta amsa laifin da ba nata ba."

Aka ratsa da Wada ta tsakiyar rumfa. Ma'aikatan da ɗazu ke sara masa suka buɗe hanya, ba wanda ya ɗaga hannu. Mai shayin ma yana tsaye da tirensa, ya bi shi da kallo har waje.

Maganin kuwa ba ya jira. Akwai ƙauyen da ke can ƙetaren Gulbi inda amai da gudawa suka ɓarke, dole kwalayen su isa kafin hadari ya rufe. Wani matuƙin ya hau ɗaya jirgin, aka kwashe kayan aka mayar ciki.

An zaunar da Wada a bayan motar 'yan sanda, a buɗaɗɗen wuri, Maman Lawali na gefensa. Suna fita ƙofar filin sai ƙarar farfela ta cika sama. Wada ya ɗaga kai da sauri. Ya duba gaba, ya duba hagu, ya yi ta juya wuya yana neman jirgin.

Jirgin na nan ta damansa, ƙasa-ƙasa, ya nufi Gulbi. Ba wanda ya nuna masa.